Birni da ƙafa ake ganinsa

A biranen bakin teku na Turai, irin su Marsai da Nis da Basalona da Lisbon, akwai sana'ar zagaya gari da baƙi bisa wata na'ura mai ƙafa biyu wadda ake kira Segway. Ƙafafun nata a jere suke, ɗaya dama ɗaya hagu, da ɗan dandamali a tsakani inda mahayi yake tsayawa, da sanda wadda yake riƙewa. Batir ne ke tafiyar da ita, kuma a cikinta akwai ƴan na'urori masu auna karkatar jiki: in mahayi ya rusuna gaba ta yi gaba, in ya ja jikinsa baya ta tsaya, ita da kanta take daidaita tsayuwarta don kada ta kayar da shi. Gudunta ba ya wuce kilomita 20 a awa. Wani Ba'amurke mai suna Dean Kamen ne ya fito da ita a watan Disamba na 2001, aka yi ta cewa za ta sauya fasalin birane. Hakan bai faru ba, har aka daina ƙera ainihin samfurin a watan Yuli na 2020. Waɗanda suka fi cin moriyarta su ne masu gadi da ƴan sanda da kamfanonin yawon buɗe ido, waɗanda suke jera baƙi shida ko takwas bayan jagora guda, kamar ƴan tsaki bayan kaza, su shafe bakin teku cikin awa biyu.

Wani saurayi ɗan Birni, wanda ya tafi karatu Marsai, ya hau wannan na'ura rana ɗaya tare da abokan ajinsa. Suka tashi daga tsohuwar tashar jiragen ruwa, suka bi ta gindin ganuwar Saint-Jean, suka tsaya gaban gidan tarihi na Mucem da aka buɗe a 2013, suka shiga unguwar Panier, suka ƙare a tudun Pharo inda ake hango gari da teku gaba ɗaya. Na'urar ta burge shi, amma jagorar ce ta fi tsaya masa a rai. Budurwa ce sa'arsa, ta san shekarar kowane gini, ta san inda za ta tsaya da inda za ta ba mutane dariya, kuma da wannan sani take biyan hayar ɗakinta. Da suka sauka, wani abokinsa ɗan Senegal ya tambaye shi abin da ake nuna wa baƙo a garinsu. Ya ce akwai fadar Sarki, akwai duwatsu. Daga nan bakinsa ya mutu, shi da aka haifa a bayan fadar, aka binne cibiyarsa a can.

Da ya komo gida, ya je wurin kawunsa da shawara a baki. Kawun tsohon jagora ne, yana cikin waɗanda suka ci abinci da baƙin da suke ƙetaro hamada ta Agadas su yada zango a Damagaram. Sana'ar ta durƙushe tun bayan sace Turawa a Arlit a 2010 da a Yamai a 2011, lokacin da ƙasashensu suka gargaɗe su da shiga yankin. Tun daga sa'an nan tsohon yake zaune ƙofar gidansa yana sayar da goro da ashana. Saurayin ya nuna masa hoton na'urar a wayarsa, ya ce yana son ya ci bashi ya sayo guda huɗu, su riƙa kai ma'aikatan ƙungiyoyi da baƙin gwamnati zagayen Birni cikin awa guda.

Tsohon ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, "Ɗana, abin nan yana yin sallama?"

Saurayin ya yi dariya, ya ce, "Haba Kawu, ai na kansa ne zai yi."

Tsohon ya ce, "To madalla. Gobe da hantsi ka zo mu auna hanyar da ƙafa, ka ga inda za ta bi."

Suka fara daga wani guntun gini mai kauri, wanda ruwan damina ya zaizaye har ya yi kama da suri. Tsohon ya dafa shi, ya ce wannan ne abin da ya rage a wannan gefe na garun da Sarki Tanimu ɗan Sulaiman ya kewaye gari da shi. Tanimu ya yi sarautarsa mai tsawo daga 1851 zuwa 1884. A zamaninsa Damagaram, wadda take kai gaisuwa Barno, ta yi ƙarfin da maƙwabta suka ji tsoronta, har aka ƙera igwa aka haɗa albarushi a cikin garin. Tsohon bai ɓoye sauran labarin ba: ƙarfin nan da yaƙi aka same shi, kuma cinikin bayi yana cikin abin da ya cika taskar Sarki. Ya ce jagoran da yake faɗin rabin labari ya ci amanar baƙo, ya ci amanar waɗanda aka sayar.

Daga nan suka faɗa lungu. Saurayin ya fara lura da abin da bai taɓa kula da shi ba: rairayi mai nutsar da ƙafa, kwatar da ta raba hanya biyu, dutsen da ya tsaya tsakiyar lungu aka yi gini kewaye da shi, kusurwar da jaki mai kaya yake wucewa da ƙyar. Amma gaisuwa ce ta fi cinye musu lokaci. A kowane zaure akwai wanda za a tsaya a tambayi kwanansa da gajiyarsa da iyalinsa, a yi wa wannan barka da haihuwa, a yi wa wancan gaisuwar rashi. Saurayin ya duba agogo, ya ga sun yi rabin awa ba su wuce gida ashirin ba. Sai dai a gida na goma sha ɗaya, saboda gaisuwar nan, wata tsohuwa ta ce su shigo. Ta nuna musu soron mijinta marigayi, mai ɗaurin guga, da azarar giginya wadda ta girmi duk wanda yake cikin gidan. Daga waje babu abin da ake gani sai bango da zanko da indararo.

A gaban fada suka tuɓe takalma, tsohon ya gai da dogarai masu jajaye da korayen tufafi, ya nemi izini kamar yadda aka saba, suka jira har aka ba su. Saurayin ya fahimci cewa ko da ya zo bisa na'urarsa, a nan zai sauka, ya rage tsawo, ya jira. Bayan sun fito suka hau ɗaya daga cikin manyan duwatsun unguwar. Tsohon ya miƙa hannu wajen Zango, inda ayarin Buzaye da fataken Larabawa suke sauka da gishiri da tufafi da takarda, su koma da fatu da gashin jimina da bayi. Ya ce ta wannan hanya ta fatake Bature Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya san darajar garin, ya sauka a cikinsa a ƙarshen Disamba na 1852, ya zauna har ƙarshen Janairu na 1853. Ya nuna barikin da Faransawa suka gina bisa tudu suka sa masa sunan Kyaftin Cazemajou, wanda aka kashe tare da tafintansa a watan Mayu na 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, don ana tsoron ya haɗa baki da Rabe. Shekara guda bayan haka, a ƙarshen Yuli na 1899, aka yi yaƙin Tirmini, garin ya faɗa hannun Faransa. Ya kawo labarin 1906, lokacin da aka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da shirya tawaye, aka tuɓe shi aka kai shi Kodibuwa. Ya ƙare da 1926, shekarar da aka ɗauke babban birnin mulki daga Zinder, inda yake tun 1911, aka mai da shi Yamai.

Abin da saurayin ya gani a ranar yana da dalili wanda ya wuce rairayi da ƙuncin lungu. Birnin bakin teku yana fuskantar waje: ganuwarsa da hasumiyarsa da manyan gidajensa an gina su ne don mai zuwa daga teku ya hango su, ga kuma faffaɗan titi a bakin ruwa wanda ƙafar roba take jin daɗinsa. Damagaram ma tasha ce, raƙuma ne jiragenta, amma baƙinta a Zango aka sauke su, a wajen garu. Birni kuwa ciki yake fuskanta. Gidan Bahaushe da na Babarbare yana juya wa hanya baya, zaure shi ne iyaka tsakanin na gida da na waje, kuma sallama ce kaɗai take buɗe shi. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Wanda ya ratsa Birni a guje, yana tsaye bisa na'ura ya fi kowa tsawo, zai komo da hotunan bango. Ko a Turai ma tsofaffin unguwanni ba duka suka karɓi na'urar ba, don hukumar birnin Prag ta hana hawanta a tsakiyar tsohon gari a 2016, bayan koke-koken mazauna.

Duk da haka, saurayin yana da gaskiyarsa, kuma ya faɗe ta a kan dutsen. Ya ce, "Kawu, duk abin nan da ka faɗa, a ina yake rubuce? In ka kwanta ciwo gobe, wa zai faɗa?" Tsohon bai amsa ba. A Marsai, jagora tana da horo, tana da taswira, tana da farashi sananne, kuma kowane gini yana da allo mai bayani. A Birni, sanin yana cikin kawunan tsofaffi ƴan kaɗan, kowa da irin nasa zancen, wani ya ɗora aikin wannan sarki a kan wancan, babu mai gyara masa. Gine-ginen su ma ba su jira. Gidan ƙasa yana son yaɓe da makuba kafin kowace damina, maginan da suka iya ɗaurin guga suna ƙarewa, mai gida kuwa in ya sami hali sai ya rushe ya sa siminti da kwano, kuma ba a ga laifinsa ba tun da shi ne yake kwana ƙarƙashin rufin da ke yoyo. Nijar ta sanya tsohon garin Zinder, wato Birni da fadar Sarki, cikin jerin wuraren da take nema wa shaidar UNESCO tun 2006. Agadas ta sami tata shaidar a 2013, Birni yana nan yana jira.

A nan ne zancen ya shafi malamai da ƙungiyoyin al'adu. Baƙin ƙetare sun yi ƙaranci, kuma babu mai ikon komo da su gobe. Amma akwai baƙin da suke kusa, waɗanda ba su bukatar biza: ƴan koleji da ƴan lise na garin, waɗanda suke haddace tarihin juyin juya halin Faransa na 1789, ba su taɓa jin sunan Tirmini ba. Kayan aikin ma akwai su. André Salifou, wanda jami'ar garin take ɗauke da sunansa, ya buga littafinsa kan tarihin Damagaram a ƙarni na 19 tun 1971, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo kan Tanimu. Mahamane Bakabé ya yi fim ɗinsa Si les cavaliers a 1982 kan abin da ya faru a 1906. Malamin tarihi zai iya karanta wa ajinsa babi guda, sa'an nan ya kai su su ji yadda tsoho yake ba da labarin, su gwada biyun su ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Malamin Hausa zai sami kalmomin da suke ficewa daga bakin yara, irin su azara da tubali da zanko da indararo, a wurin da za a nuna su da yatsa. Malamin Faransanci zai sa a fassara bayanin jagora, wanda shi ne ainihin aikin da budurwar Marsai take ci da shi. Abin da fitar take ci bai wuce izinin shugaban makaranta da na fada, da goron tsofaffi, da ruwan sha ba.

Saurayin bai ci bashin ba. Ya sayi manyan littattafan rubutu guda uku, ya riƙa bin kawunsa da yamma yana ɗaukar muryarsa a waya, in ya koma gida ya rubuta, ya gwada shekarun da na littafin Salifou, inda suka saɓa ya rubuta duka biyun. Ya zana hanya mai tsayawa tara, daga guntun garu zuwa kan dutse, ya ba ta awa uku, ya ware rabin awa a ciki ya rubuta "gaisuwa" a gefenta. Ga tsofaffi da masu ciwon ƙafa, ya shirya da wasu ƴan kabu-kabu biyu su kai su bakin unguwa su jira su a ƙofar fada.

Baƙinsu na farko ƴan aji uku ne na wata koleji, tare da malaminsu. A tsayawar farko, da tsohon ya dafa ginin ya ambaci Tanimu, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Baba, ai nan muke ɗaure awakinmu." Tsohon ya ce ta ci gaba da ɗaurewa, amma ta gaya wa ƙannenta su daina haƙar ƙasar ginin suna yin tubalin wasa. Ta rubuta sunan Sarkin da shekarunsa a bayan littafinta na lissafi, suka wuce zuwa lungu na gaba.