Ranar da Muka Daina Raina Ƙaramar Ƙugiya

Mu uku ne, 'ya'yan wa da ƙane, gida ɗaya muka tashi, kuma daga ƙauyenmu zuwa bakin madatsar ruwa ta Tiga bai wuce tafiyar rabin sa'a a ƙafa ba. An gama gina madatsar a 1974, don haka mun buɗe ido mun tarar da ruwan yana nan, har muka ɗauka mun san shi.

A dogon hutun da muka gama aji huɗu na sakandare, muka haɗa kuɗin barka da sallarmu muka tafi kasuwa sayen kayan fatsa. Muka zaɓi ƙugiya mafi girma a faifan mai kaya, da zaren roba mai kauri wanda zai iya ɗaure akuya. Muka saro gora, muka yanko gutsuren tsohon silifas kamar tafin hannun jariri don ya riƙa yawo a saman ruwa, wanda mu dai "alama" muke ce masa. Kafin mu fita muka cika wa Inna baki cewa ta gama sayen kifi har a koma makaranta.

Kwana tara muna zuwa, ƙananan kifaye uku muka kawo gida. Tana kuwa kullum sai an cinye mana ita tas, mu ɗago ƙugiya tsirara. A gida aka raɗa mana suna "sarakunan ruwa", har ƙannenmu mata suna tarar mu da babbar tasa don tsokana.

A rana ta goma wani dattijon masunci da ke gyaran komarsa a gindin bishiya ya yafito mu. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya karɓi fatsar ya jujjuya ta.

"Samari, wane kifi kuke nema?"

"Babba, Baba."

"Babba ba sunan kifi ba ne," in ji shi.

Daga nan karatu ya fara. Ya ce inda muke zama, gefen ciyawa, karfasa ce ta fi yawa, ita kuwa a hankali take tsotsar abinci, kuma ƙugiyarmu ta fi ƙarfin bakinta. Ashe kwana tara muka yi muna ciyar da ita kyauta. Ya ciro wata 'yar ƙugiya da ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba ya ba mu. Sai daga baya muka gane cewa lambobin da ke jikin kwalin ƙugiya a juye suke tafiya: lamba 14 ta fi lamba 6 ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Mu yanzu 12 ko 14 muke sa wa karfasa, tarwaɗa mai faɗin baki kuma 4 ko 6.

Alamar ce ta fi ba shi dariya. Ya ce kafin kifi ya nutsar da wannan silifas sai ya yi kokawa da shi, kuma da ya ji nauyi zai tofar da tanar ya yi gaba. Ya ɓare karan dawa ya ciro totuwa siririya, tsawon yatsa, ya ɗaura a zaren. Sannan ya maƙala 'yan gutsattsarin dalma a ƙasanta, ɗaya bayan ɗaya, yana gwadawa a ruwa, har totuwar ta tsaya a tsaye, kanta kaɗai ke leƙowa. Ku da kuke ajin kimiyya kun san dalili: ruwa yana tura abu sama gwargwadon nauyin ruwan da abin ya ture. Idan ɗan siririn kai ne kawai ya rage a waje, ƙaramin ja ya isa ya nutsar da shi. Mun haddace wannan doka ta Akimidis don jarrabawa, amma a bakin Tiga muka fara ganinta da ido. Dalmar dai kada ku matse ta da haƙori kamar yadda muka riƙa yi, guba ce. Ku nemi filaya ko duwatsu biyu.

Abin da bai taɓa zuwa mana a rai ba shi ne auna zurfi. Baba ya rataya ƙaramin noti a ƙugiyar ya saka a ruwa. In alama ta nutse, zaren da ke ƙasanta ya gaza. In ta kwanta, ya yi yawa. Ya yi ta matsar da ita har ta tsaya daidai. Da ka san ƙasan ruwa, sai ka zaɓa: tarwaɗa da ƙurungu a ƙasa suke kiwo, sai a bar musu tana ta kwanta a can, karfasa kuwa a ɗaga mata sama kaɗan. Ya kuma sa muka ƙulla guntun zare siriri tsakanin ƙugiya da babban zaren, don in ta maƙale a kututture, ƙugiyar kaɗai za a rasa.

Bara a jami'a wani abokinmu ya nuna mana a YouTube yadda masu gasar kamun kifi a Ingila ke amfani da sanda mai tsawon mita 16, da roba mai talewa a cikin bakinta. Muka zuba ido, sai ga Bature yana auna zurfi yana jera dalma, sak yadda Baba ya yi da gorarmu mai mita uku.

Sauran karatun na lokaci ne. Da can sai mun karya kumallo rana ta take muke fita, lokacin da kifi ya riga ya shige inuwa da zurfi. Muka koma fita bayan asuba ko bayan la'asar. Muka koyi zama inda inuwarmu ba za ta faɗa kan ruwa ba, da rage surutu da buga ƙafa. Bayan an yi ruwan sama, ruwa ya gurɓace, ranar tarwaɗa ke nan, don da gashin bakinta take laluben abinci. In iska tana kaɗa ruwa, a ƙara wa alama girma kaɗan, in ba haka ba kowace igiyar ruwa sai ka ɗauka kifi ne. Da hunturu kuwa cizon yana raguwa, sai a jira hantsi ya ɗumama gefe.

Akwai abin da Baba ya faɗa muka yi kunnen uwar shegu da shi: kada mu riƙa tsayawa a cikin ruwan gefe mai ciyawa. Mu kuma in ƙugiya ta maƙale sai mu naɗe wando mu shiga. Bayan an koma makaranta ɗayanmu ya fara ganin jini a ƙarshen fitsarinsa, ya ɓoye har mako uku don kunya, wasu abokai ma suna ce masa alamar girma ce. Tsargiya ce. Ƙwayar cutar daga ƙananan katantanwa take fitowa, ta huda fata ta shiga jiki. A asibiti aka ba shi maganin praziquantel ya warke, amma in aka bar ta tana lalata mafitsara. Duk wanda ya ga haka cikinku ya faɗa wa iyayensa a ranar.

A yammacin ranar da Baba ya gyara mana fatsa, totuwar ta yi rawa sau biyu, ta nutse. Kafin magariba muna da karfasa goma sha ɗaya da ƙurungu ɗaya, wanda ya soki babbanmu da ƙayarsa har ya yi ƙara. Muka kai wa Baba biyu mafi girma, ya ce mu kai wa mahaifiyarmu. Da muka shiga gida Inna ta leƙa bokitin, ta dube mu, ta ce wa ƙannenmu su ɗauko waccan babbar tasar.