Sassaƙe Ya Kusa Kashe Maɗaci A Sandamu

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwa labarin wani itace da na gani a Sandamu ta ƙasar Daura.

Bayan ƙaramar salla ta 2024, sa'ad da bazara ta kai inda ta kai, na tashi daga Kano na bi ta Kazaure, na sauka Sandamu, wadda ke bakin hanya kafin a shiga birnin Daura. Ƙasar jigawa ce ta gero da wake da gyaɗa. A gonaki sai gawo da ganyensa kore shar, cikin gari kuwa bedi ya fi yawa, shi ne Kanawa ke ce wa darbejiya. Baƙo ne daga Indiya, a lardin Barno aka fara dasa shi cikin 1928, ga shi yau ya zama ɗan gari.

Mai masaukina malamin makaranta ne, abokin karatuna. Tsakanin zaurensa da shigifa akwai wani maɗaci da mahaifinsa ya dasa, a inuwarsa ake shimfiɗa wa baƙi tabarma, a nan kuma yara ke karatun allo da hantsi. Da na dubi gindinsa sai na riƙe baki. An sassaƙe ɓawon tun daga gwiwa har bisa kan mutum, daga ƙasa kuma igiyar ragon layya ta goge shi. Rassan wannan ɓarin sun soma bushewa. Malam ya ce maƙwabta ne ke zuwa roƙon sassaƙe su jiƙa don ciwon ciki ko zazzaɓi, wa zai iya hana maƙwabci magani? Wannan ya ɗebi kaɗan, wancan ya ɗebi kaɗan, shi ke nan. Muka zaga gindin da igiya muka auna, muka tarar saura kaɗan rabin ɓawon ya tafi.

To, jama'a, ga abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba. Ruwan da saiwa ke sha ta cikin itacen yake hawa zuwa ganye. Amma abincin da ganye ke haɗawa da hasken rana, ta cikin ɗanyen ɓawon nan na ciki yake sauka zuwa saiwa. In sara ya zagaye gindi ya haɗu, ko da faɗinsa bai wuce yatsa uku ba, an datse wa saiwa abinci ke nan. Itacen ya kan yi damina ɗaya ko biyu da ganyensa, mai shi yana tsammanin lafiya lau, sai a wayi gari ya bushe a tsaye, a ce aljanu ne. Masanan daji sun ce in abin da aka cire bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kewayen gindi ba, yawanci ya kan warke, in ya wuce rabi kuwa sai an yi sa'a. Kada wani ya kawo mini misalin kuka. Ita Allah ya yi mata baiwa, a kan ɓare ta zagaye don tufka igiya ta sāke sabon ɓawo. Maɗaci ba shi da wannan.

Malam ya riga ya tanadi baƙin mai zai shafa wa ciwon. Na ce ya bari, don baƙin mai da kwalta suna ƙona ɗanyen gefen da zai tsiro, suna kuma riƙe laima itacen ya ruɓe. Sai muka sami wuƙa mai kaifi muka gyare ɓawon da ya ɗaga yana reto, ba mu taɓa mai lafiya ba. Muka kafa wa rago turke can gefe, muka kewaye gindin da ƙaya saboda awaki. Aka sa yara su riƙa kwarara ruwa sau ɗaya a mako daidai inda inuwa ta ƙare, don a nan ƙananan saiwoyi suke, har damina ta faɗi.

Abin da ya fi wuya shi ne maƙwabta. Shawarar da muka yanke, Malam ya sare reshe ɗaya da ke barazana ga katanga, ya ɓare shi ya shanya, duk wanda ya zo ya ba shi daga ciki, gama ɗacin reshe da na gindi ɗaya ne. Ya kuma gaya wa liman da mai unguwa dalili, don kada a ce rowa ce.

Na koma cikin Oktoba 2025. Gefen ciwon ya naɗo ya yi kauri kamar leɓe, ya rufe wajen yatsa biyu ta kowane ɓari. Tsakiya dai itace ne tsirara, gara ta fara hawansa, Malam yana kankare ta. Reshe ɗaya ya mutu an cire, sauran sun yi ganye, a ƙarƙashinsu muka ci tuwon gero.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani ma'aikaci, Kano.