Kwana Tara A Bur Sudan: Yadda Na Koyi Nutso A Bahar Maliya

Shekara goma sha ɗaya ina kai riɗi Bur Sudan daga Gadarif, ban taɓa tsoma ƙafata a teku ba. In na zo hanyata ɗaya ce: masauki, sito, ofishin mai fito da kaya, masallaci. Da yamma in zauna bakin ruwa in sha jabana, gahawar nan mai citta ta mutanen Hadandawa, ina kallon jirage sun yi layi suna jiran a ba su wuri. A wurina teku hanya ce da kaya ke bi, kuɗi su dawo.

Watanni kaɗan kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, takardun kayana suka maƙale. Yau a ce gobe, gobe a ce wanda zai sa hannu ya yi tafiya. Duk ɗan kasuwa ya san irin wannan zama, ga kuɗin sito na hawa, ga waya daga gida. A rana ta uku ɗan ƙanena, wanda ke aiki a wani ƙaramin jirgi mai kai baƙi nutso, ya same ni ina ta zagaye a tsakar masauki.

"Baba, zagayen nan ba zai sa a buga hatimi ba. Zo ka ga abin da ke ƙarƙashin ruwan da kake ci da shi."

Na ce masa ni ba Bature ba ne, kuma ina da iyali. Ya yi dariya ya ce ai shi ma Bature huhu biyu gare shi. Abin da ya karya ni dai ba maganarsa ba ce, hoton da ya nuna mini a waya ne: shi ne a tsakiyar wasu kifaye jajaye, ya harɗe hannu kamar mai jiran shayi.

Kafin a ba ni komai sai da na cike takardar lafiya. Asma, ciwon zuciya, farfaɗiya, ciwon kunne, duk an tambaya. Mai mura ma ba ya shiga sai ta sake shi, mace mai ciki kuwa ba ta nutso sam. Daga nan malamin, wani siririn Basudane da bai kai ɗana na fari shekaru ba, ya ce in yi iyo na mita 200 ba tsayawa, sannan in zauna a saman ruwa minti goma. Iyon da na sani na kududdufin damina ne, wanda muka sha bulala a kansa muna yara. Na yi shi dai, da haki da fantsama. Ruwan ya taimake ni, don Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, kusan giram 40 a kowace lita, sai ka ji tana tallabe ka.

Kayan kuwa, ranar farko ji na yi kamar an yi wa jaki lodi. Rigar roba mai kama jiki daga wuya har idon sawu, wadda ta rufe ni fiye da yadda na zata. Falmaran da ake hura wa iska ko a sace ta, ita ke sa ka tashi sama ko ka yi ƙasa. Ɗamarar dalma a ƙugu. Gilashin fuska da ya haɗa da hanci, da takalma masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Sai tukunyar iska a baya, da tiyo mai abin cizawa a baki. Na ɗauka oksijin ne a ciki irin na asibiti. A'a, iskar nan ce da muke shaƙa kullum, aka tace ta aka matse ta har awo 200 a agogon da ke rataye a gefenka. In allura ta sauko 50, ya kamata a ce kana hanyar fita.

Darasin da malamin ya fi nanatawa shi ne na nauyin ruwa, kuma da leda ya koya mini shi. Kowace mita goma da ka sauka, ruwa na ƙara maka matsi daidai da na dukan iskar da ke bisa kanmu a doron ƙasa. Ledar da ka hura a sama, in ka kai ta mita goma za ta koma rabi. Ledar da ka cika a mita goma kuwa, in ka ɗaure bakinta ka hau da ita, za ta ninka biyu, in ba wuri ta fashe. Ya nuna ƙirjina ya ce, "Ya Hajj, ledarka ke nan." Shi ya sa dokar farko ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi. To, mutumin da ya tashi a tudu, duk abin da jikinsa ya sani game da ruwa shi ne a toshe hanci a riƙe numfashi. Sai da na yi yaƙi da shekara hamsin na sabo.

Kunne ma da nasa. Tun daga mita biyu za ka ji kamar ana tura maka tsinke. Magani shi ne ka matse hanci ka hura a hankali har ka ji ya yi ɗas, kuma tun kafin zafi ya zo ake yi, kowace mita ko ƙasa da haka. In ya ƙi, ka ɗan hau sama kaɗan ka sake. Ba a yi masa dole.

A ƙarƙashin ruwa ba magana, sai hannu. A nan na yi abin kunya na farko. Malamin ya tambaye ni lafiya, ni kuma na ɗaga masa babban yatsa irin na 'yan zamani. Ashe wannan a wurinsu ma'anarsa mu hau sama. Lafiya lau ita ce ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe. Muka fito, ya tambayi abin da ya faru, na ce ba komai, gaisuwa ce.

Abin kunya na biyu ba na dariya ba ne, kuma saboda shi na zauna rubuta wannan. A rana ta uku ta koyo, muna durƙushe a kan yashi a zurfin mita shida, aka zo darasin cire gilashin fuska a mayar. Na yi shi a ruwa mai kai ƙirji ba matsala. Amma a can, da na cire, ruwan gishiri ya bugi hancina, na shaƙi kaɗan, na sarƙe. Wallahi ban san lokacin da ƙafafuna suka fara harbi ba. Babu abin da ke kaina sai sama. Na manta leda, na manta huhu, na manta 'ya'yana. Sai na ji an damƙe falmarana ta gaba, hannu ɗaya kuma ya danne abin numfashin a bakina don kada in tofar. Bai ja ni ƙasa ba, bai kuma sake ni ba. Na yi tari a cikin abin, ashe ana iya tari a ciki, iska kuma ta ci gaba da zuwa. Na ja ɗaya, na ja biyu. A na biyar na mayar da gilashin, na danna samansa a goshi, na fyace iska ta hanci, ruwan ya fita ta ƙasa. Da na buɗe ido sai ga idon yaron nan dab da nawa, ya yi mini zobe da yatsu. Na daɗe kafin in mayar masa.

A jirgi bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauko kwalbar lemo mai gas ya girgiza, ya ce in buɗe da sauri. Na ƙi. Ya ce to haka jini yake. Kusan kashi huɗu cikin biyar na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, a zurfi tana narkewa cikin jini da tsoka, in ka hau a hankali ta fita ta numfashi, in ka yi gaggawa ta yi kumfa a gaɓoɓi ko a laka. A mita shida na 'yan mintuna, huhu ne abin tsoro. A mita 18 na rabin awa, duka biyun ne. Don haka ake hawa sannu sannu, a tsaya a mita biyar na minti uku kafin a fito, kuma wanda ya yi nutso fiye da sau ɗaya ba ya hawa jirgin sama sai bayan awa 18. Ni da na saba cewa wanda ya riga kai kaya kasuwa shi ke yanka farashi, ga ni a inda mai sauri shi ake ɗauka a makara. Daren nan ban yi barcin kirki ba, kuma ban gaya wa uwargida ba sai bayan wata biyu.

Da safe na koma. Ba jarumta ba ce, na riga na biya, kuma da dala ake lissafin.

Nutso huɗu ake yi a buɗaɗɗen teku kafin a ba ka katin shaida, wanda ya ba ka izinin sauka har mita 18 tare da abokin tafiya, don ba a nutso mutum ɗaya. Biyun ƙarshe a Sanganeb muka yi su, wani zoben murjani a tsakiyar teku, kimanin kilomita 25 daga gaɓa, da doguwar hasumiyar fitila a kansa. UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 2016. Kafin mu shiga muka yi azahar a kan jirgi, muka fuskanci arewa maso gabas, don daga nan Makka tsallaken ruwa ce kawai.

Ni murjani na san shi a wuyan mahaifiyata, jan dutse da ake ajiye wa 'ya mace. Wancan wani iri ne daban. Na nan gini ne, kuma mai rai: ƙananan halittu ne ke yin sa a hankali, shekara da shekaru, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwar rago a teburin mahauci. Shi ya sa ake hana taɓawa, harbin ƙafa ɗaya na iya karya aikin shekaru. Bangon ya sauka tsaye har inda ido ya gaza, shuɗi ya koma baƙi. Da na leƙa sai cikina ya juya kamar na tsaya a bakin rijiya, sai dai wannan rijiyar ba a faɗa mata, in ka daidaita falmaranka kana nan rataye. Ka ja numfashi ka ɗan tashi, ka saki ka ɗan sauka. A nan na gane dalilin harɗe hannun ɗan ƙanena.

Ruwa na cinye launi, ja ne ke fara tafiya tun daga wajen mita biyar. Najil, kifin nan da nake saya a soya mini a bakin teku, na gan shi a gidansa ya yi duhu duhu, sai da malamin ya haska shi da tocila jansa ya fito. Komai kuma yana ƙara girma a ido da kusan kashi ɗaya cikin uku, don haka in mai nutso ya ba ka labarin girman kifi, ka rage masa kamar yadda kake rage wa dillali. Kunkurun teku ya wuce mu bai ko waiwayo ba.

Arewa da nan akwai Sha'ab Rumi, inda Bafaranshen nan Jacques Cousteau, wanda shi da injiniya Émile Gagnan suka ƙera na'urar numfashin nan a 1943, ya kafa gidaje a ƙarƙashin ruwa a 1963, mutanensa suka yi wata guda a zurfin mita goma. Ban kai can ba. Inda na kai, washegarin samun kati, shi ne Umbria, dab da bakin tashar Bur Sudan. Jirgin Italiya ne da ya taso da bama-bamai kusan 360,000 zai kai Eritiriya. A Yunin 1940 Ingilishi suka tsare shi a nan, kyaftin ɗin ya ji a rediyo cewa ƙasarsa ta shiga yaƙi, sai ya sa aka nutsar da shi don kada kayan su faɗa hannunsu. Yana nan kwance a gefensa na hagu, tsawonsa ya haura mita 150, murjani ya rufe shi. Sabon shiga ba ya kutsawa ciki, ta waje muka bi, na leƙa ta wata kafa na ga akwatuna jere. Abin da ya zo mini a rai, Allah ya gani, shi ne: wannan ma kayan wani ne da takardunsu suka maƙale.

Muna wurin na ji ƙugin injin wani babban jirgi. A ruwa sauti na gudu fiye da sau huɗu na gudunsa a iska, ba ka gane ta inda ya fito, sai ka ji shi a ƙirji ta ko'ina. Na tuna kakana, wanda ya bar Haɗeja da ƙafa, ya yi shekaru yana noma a hanya kafin ya kai Sawakin, tsohuwar tashar alhazai da ke kudu da nan da kusan kilomita 60, wadda aka gina gidajenta da dutsen murjani. Ya ƙetare ruwan nan a jirgin katako, ya dawo ya zauna a Gadarif. Har ya rasu, in an ambaci Maliya sai ya girgiza kai ya ce ruwa ba gidan mutum ba ne. Ban ce ya yi kuskure ba. Minti arba'in na yi, allurata ta kusa 50, malamin ya ɗaga babban yatsa, wannan karon na san abin da yake nufi.

Wanda ke zaune kusa da teku cikinku, ko Limbe ne ko Takoradi, in sha'awar ta kama shi, ya nemi ganin katin malamin da idonsa, ya tambaya ko akwai oksijin na gaggawa a jirgi, kada kuma ya yarda da mai cewa darasi ɓata lokaci ne. Bur Sudan kam yanzu ba ta masu yawon buɗe ido ba ce. Da yaƙi ya tashi a 2023 gwamnati ta koma can, 'yan gudun hijira suka cika ta, jirgin da ɗan ƙanena ke aiki a kai ya daina fita. Allah ya kawo mana ƙarshen abin.

A rana ta tara aka buga hatimin. Mai fito da kaya ya kira ni yana murna, ya yi mamakin jin ban ɗaga murya ba. Na hau motar Gadarif da asuba, kunnena na hagu na ɗan ƙara, gishiri bai gama fita daga gemuna ba. Da na isa gida na nuna wa uwargida katin, ta juya shi gaba da baya, ta dubi hoton, ta dube ni.

"Alhaji, duk ka shiga har gidansu, ko ɗaya ba ka kamo mana ba?"