Sunayen Da Ba Mu Rubuta Ba

Shekara 20 ke nan muna riƙe da littafin zauren dattijon unguwarmu a Briqueterie. Da muka waiwayi shafukansa, ba mu ga sunan mace ko ɗaya cikin masu sulhu ba.

Alhali mun san gaskiya. Ranar da rigimar famfo ta kusa haɗa samarinmu da maƙwabtanmu Ewondo, kafin dattawa su shimfiɗa tabarma, iyayenmu mata sun riga sun kashe wutar, domin adashi ɗaya suke zubawa da matan can. Adashin nan shi ne jarin mai ƙosai, shi ne kuɗin makarantar maraya.

A Yulin 2021, mata fiye da 1,000 daga yankuna 10 na Kamaru suka hallara a Palais des Congrès, nan kusa da mu, suna neman a daina zubar da jini. A 2023 aka karrama su a Jamus.

Matan unguwarmu kuwa, ko tawada mun hana su. Ranar Juma'a za mu roƙi Alhaji a ba su wurin zama a zauren. Allah Ya sa ya amince.