Ashe akwai fengwin a Afirka

1/ Jama'a, ba a ƙanƙara kaɗai fengwin ke rayuwa ba. Afirka ta Kudu ma akwai su 🧵

2/ Da sassafe jagoranmu ya kwashe mu daga Cape Town, muka bi titin Chapman's Peak. Dutse a hagu, teku a dama, can ƙasa. Kowa ya yi tsit.

3/ A Cape Point ya ja mana kunne: kar a ba gwaggon biri abinci. In ya saba, ƙwace zai koma, ƙarshenta a kashe shi.

4/ Sai gaɓar Boulders. Ga fengwin nan suna rangaji, kukansu sak na jaki 😂

5/ Amma fa a 2024 aka saka su cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Sardin ɗin da suke ci ya yi ƙaranci. Anya jikokinmu za su gan su?