Ragon Maza a Bakin Nilu

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa tsallaka gada daga Khartum zuwa Omdurman ya wuce ta gefen Dajin Sunut, ko da bai kula ba. Sunut dai bagaruwa ce a Larabcin Sudan, 'ya'yanta kuma su ne garad da ake aunawa a kasuwar Omdurman don jima da maganin tari, kamar dai a gida. Dajin yana bakin Farin Nilu, dab da Mugran, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa. Tun 1939 aka keɓe shi don tsuntsaye. Idan kogi ya cika a Agusta da Satumba, ruwa kan shiga har gindin itatuwa.

A shekarun da nake saro kaya a Suk Libiya, ranar Juma'a da sassafe nakan zaga can ko tsibirin Tuti in sha iska. A nan na ji kukan da na sani tun ina yaro: gul-gul-gul, kamar ana tsiyaye ruwa daga gora. Ragon maza ne, wallahi.

Na Nilu ya ɗan bambanta da namu. Namu kansa baƙi ne wuluk, shi kuwa yana da farin zane a saman ido kamar gira. Sauran duk ɗaya: fuffuke ja kamar ƙasar tukwane, doguwar baƙar jela, jan ido, da dogon farce a yatsan baya. Mazauninsa duhuwar ciyawa da sarƙaƙiyar bakin ruwa. Abincinsa fara, tsutsa, dodon koɗi, kwaɗi da ƙananan ƙadangaru, har ƙwan wasu tsuntsaye in ya samu.

Mun sa masa suna rago ne don ba ya son tashi sama. Ya ɗan yi fir, sai ya faɗa cikin ciyawa. To amma ka ji wani abu. Da yawa cikin danginsa a sheƙar wasu suke zuba ƙwai su yi gaba abinsu. Shi ko da kansa yake gina sheƙa, kuma namijin ne yake ɗaukar mafi yawan kwanci da ciyar da 'ya'ya. Ɗan'uwa, mu da muke wata shida muna aika kuɗi ta waya ba mu ga yaranmu ba, da wane baki za mu ce masa rago?

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, 'yan kasuwa suka watse, aka kuma sare bagaruwar Sunut da yawa don itacen girki da gawayi. Mu mun samu motar gudu, amma tsuntsun da ba ya nisan tashi fa? Allah Ya dawo wa Sudan da zaman lafiya, Ya haɗa kowane uba da iyalinsa.