Ni da Zarto a Bikin Auta

'Yan uwana mata, musamman ku 'yan makaranta da kuke ta aiko mini da saƙo kuna tambayar yaushe kashi na biyu na littafina zai fito. Ku ƙara haƙuri, yana nan tafe. Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, labarin wani sif ne da ya hana ni barci kwana tara cur a garinmu Kuyello, ana gab da bikin ƙanwata Auta.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Ni dai tun da na fara rubutu ban taɓa aurar da yarinya a littafi ba tare da na zuba mata gado ɗan Italiya da sif mai ƙofa shida da madubi daga sama har ƙasa ba. Me zai hana, tunda biro ba ya tambayar kuɗin mota? To ashe duk abin nan da nake rubutawa Auta na haddacewa. Ita ce mai fara karanta mini kowane babi tun yana cikin littafin rubutu, kuma ta gama tsara ɗakinta a kai tun tana aji uku.

Da aka sa ranar aurenta a kakar 2023, sai Baba ya tara mu ya ce shi fa ba zai ɗora gado da madubi a bayan mota suna ƙyalli tun daga Funtuwa har gida ba. Ya ce, "Wannan ai shela ce, ku zo ga gidan da ake da kuɗi." Duk wadda ta san ƙasar Birnin Gwari ta san abin da yake nufi, ta san irin zaman da muka yi da 'yan bindiga a kan hanyoyinmu da gonakinmu a shekarun nan, tun kafin sulhun da aka yi a watan Nuwamba na 2024. Kuma mun riga mun gani a kan Yayarmu. Lokacin da aka tashi ƙauyen mijinta a 2022, da goyo da ƙullin kaya ɗaya ta iso mana, ta baro gado da sif na maɗaci da Baba ya sayar da bijimi ya yi mata, waɗanda sai ƙarti shida sun taru kafin su ɗaga. Har yau ba ta son a yi zancen.

Don haka sai aka aika wa Kawu da ke Kano kuɗin masara, aka ce ya sayo irin kayan nan da ake rufowa a kwali a shimfiɗe, in an kawo a haɗa a gida. Kwali biyar suka iso a ƙarƙashin buhunan gishiri da katan-katan na taliya, ba wanda zai ce kayan amarya ne.

Ranar da muka buɗe, ido ya raina fata.

Na farko dai, ruwan ƙarshen damina ya doki motar a hanya, kwalin da allunan sif suke ciki ya jiƙe ta gefe ɗaya, gindin allunan ya kumbura ya yi suntum kamar burodin da ya faɗa a shayi. Na biyu, da na ɗauko tef ɗin ɗinkin Inna na je gidan angon na auna, sai na tarar sif ɗin ƙafa bakwai ne, ɗakin kuwa daga ƙasa zuwa rufi ƙafa shida da rabi. Auta ta kalle ni, ta kalli allunan, ta shige ɗaki ta fashe da kuka. Ina jin ta tana cewa, "Shi ke nan, na shiga uku, dangin miji sun samu abin gori har in mutu."

Ke 'yar uwa kada ki ce ta cika raki. Kin san yadda ake yi. Ranar da aka kai amarya ba fuskarta ake fara kallo ba, ɗakinta ake kallo, a ƙirga kwanuka, a ɗaga katifa, a buɗe durowa a rufe, gobe da safe a bakin rijiya kowa ya san abin da ubanki ya iya da wanda ya kasa. Mata nawa ne suka shekara goma ana yi musu habaici a kan kabad ɗaya?

Na aika a kira mana kafinta. Wanda muka saba da shi ya daɗe da kwashe iyalinsa ya koma Funtuwa. Wani yaro da aka samo ya zo ya ƙwanƙwasa allon da yatsa ya yi dariya, ya ce shi ba ya taɓa biskit, in ya farfashe a hannunsa wa zai biya? Na ji haushinsa sosai, amma fa gaskiya ya faɗa. Wannan abin ba katako ba ne irin wanda muka sani. Ɓarɓashin katako ne da garinsa ake kwaɓawa da gam, a danne da inji mai zafi har ya zama allo, sannan a manna masa wata 'yar leda mai zanen jijiyar itace a sama. Muddin ledar nan na rufe da shi lafiya lau, amma ruwa na samun kafa ya shiga ta baki, sai ya sha ya kumbura, kuma ko an shanya shi shekara ba zai koma yadda yake ba. Haka in aka kwance noti aka mayar sau biyu sau uku, ramin sai ya rarake ya daina riƙewa.

Abin da ya fi ba ni takaici a daren nan shi ne, ga mu a bakin daji, ga maɗaci ga kawo ga ƙirya ga madobiya, dajin Kamuku ma da gwamnati ta mayar gandun ƙasa a 1999 a ƙasarmu yake. A tsakanin 2014 da 2017 an yi ta lodin madobiya daga dazuzzukan Najeriya ana kaiwa ƙasar Sin ana yi wa masu kuɗinsu kujeru na alfarma, mu kuma ga mu mun sayar da masara mun sayo dusar katako a kwali.

Da asuba na ɗauko takardar da ta zo a cikin kwalin. Ba rubutu a ciki, zane ne zalla, ga allo mai lamba kaza, ga noti, ga kibiya tana nuna inda zai shiga, sai wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da kanikawa ke kira alanki a ƙulle a leda. Na ce a raina, ni da na iya haɗa mutum goma sha biyu a littafi ɗaya ban rikita sunan kowa ba, allo ashirin ne zai gagare ni? Na yi lissafi a bayan takardar. In na yanke inci 12 daga gindin allunan, ruɓaɓɓen wurin ya tafi. In na sa masa ƙafafu na inci 4, ya tashi inci 76, rufin ɗaki kuwa 78 ne. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu.

Goggo ce ta fara ganina da zarto a tsakar gida. Ta tafa hannu ta ce, "Oh ni jikar mutum huɗu! Yau kuma me zan gani? Mace da zarto, ana saura mako biki? Ke dai bokon nan bai bar miki komai ba."

Na ce, "Goggo, to ke wa ya yi miki naki ɗakin?"

Ta yi shiru, can sai ta ja kujera ta zauna. Ashe na sosa mata inda yake mata ƙaiƙayi. Ta ce su a zamaninsu gadon ƙasa aka gina mata, ita da ƙawayenta suka yi daɓe da makuba har yana ɗaukar ido, suka kafa tasoshi da farantai a jikin bango tun yaɓe yana ɗanye, suka jera ƙorai da faya-fayai har sama. Ta ce Inna kuma gado mai rumfa aka kai ta da shi, amma ita ta ɗinka masa labule da hannunta. Kafin ta gama labarin ta danne mini allon da gwiwarta, tana cewa in bi a hankali kada in karkace.

Ga abin da na koya, wanda na biya kuɗinsa da allo guda. Yankan farko da na yi, ledar saman ta tsattsage ta yi kaca-kaca kamar ɓera ya ci. Sai a na biyu na gane a fara jan layi da biro, a manna salatif a kan layin, a bi shi da reza a tsaga ledar tukuna, sannan a sa zarto mai ƙananan haƙora ana ja ba gaggawa. Duk bakin da na yanka na shafe shi da gam ɗin kafintoci sau biyu ya bushe, don ta nan ne ruwa ke shiga. Da yake yankan ya tafi da ramukan da kamfani ya huda na ƙasa, sai na sa 'yan sandunan katako na gaske a kusurwoyin ciki na ɗaure allunan a jikinsu. Ba mu da injin huji, ƙusa nake sawa a garwashi in ta yi ja in fara ramin da ita. Inda rami ya rarake kuma, tsinken ashana uku da ɗigon gam, a bari ya kwana, gobe noti ya kama kam.

Ƙafafun kuwa wani tsoho maƙwabcinmu mai sassaƙa turmi ya yi mana su da ƙirya, guda shida. Da na je karɓa na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "'Yata, wannan ko gara ta zo sai dai ta yi sallama ta wuce." Ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce gudummawarsa ke nan.

Daga baya ne na karanta cewa abin nan da na yi cikin kuka da gumi, a Turai sana'a ce har da masu alfahari da ita. Akwai wani kamfani a ƙasar Suwidin, IKEA, wanda Ingvar Kamprad ya kafa a 1943 yana ɗan shekara 17, shi ya yi fice da kayan kwali a duniya. Labarin da suke bayarwa shi ne, a 1956 wani ma'aikacinsu Gillis Lundgren ya rasa yadda zai cusa tebur a mota, sai ya kwance masa ƙafafu, daga nan dabarar ta kama su. Ashe su ma matsalar mota ce, kamar Baba. To da yake kabad iri ɗaya ne a gidan mutum dubbai, sai mutane suka shiga sāke masa kama, wannan ya yi fenti, wancan ya canza ƙafa da mariƙi, wata ta haɗa biyu ta mayar gadon yara. Wani abu kuma da na tsinta a karatun ya tsorata ni: a 2016 kamfanin ya janye durowoyi miliyan 29 a Amurka saboda suna rikitowa kan yara in sun buɗe sun taka, har an rasa rayuka. Kayan nan ba su da nauyin gindi. Shi ya sa da na koma ganin Auta na sa aka ɗaure sif ɗin da waya ta baya a jikin katakon rufi, tunda bangon ƙasa ba ya riƙe noti. Don Allah duk mai irinsa a ɗaki ga yara, ta duba nata yau.

Mu koma tsakar gida. Ana saura kwana uku sif ya tsaya da ƙafafunsa, amma ƙofofin ba kyan gani, ga tabon ruwa ga inda na tsattsaga. A nan ne Inna, wadda tun farko ba ta ce uffan ba, ta buɗe adakarta ta ciro wata atamfa shuɗiya mai zanen ganye, cikin kayan lefenta, ɗaurawa biyu ta taɓa yi mata. Ta miƙo mini ta ce, "Gwada wannan." Wallahi sai da hannuna ya yi rawa kafin na sa almakashi. Muka goge fuskar ƙofofin da samfefa don gam ya samu wurin kamawa, don in ba a kashe santsin ledar ba ko fenti ne sai ya ɓare. Muka shafa gam, muka shimfiɗa atamfar, Auta na bi da bayan cokali daga tsakiya zuwa baki tana korar iska. A nan ta fara dariya, karo na farko a mako guda. Da ya bushe muka bi shi da banish sau biyu. Banish yana ƙara wa yadi duhu, gara ki gwada a ƙyalle tukuna. Mariƙan roba masu ruwan gwal da suka zo da shi na zubar, baduku ya kitsa mana na jar fata. Guntayen da suka rage masu lafiya kuwa, su muka yi wa kanta mai hawa uku ta jeren kwanuka.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ya fi na kanti ba. Ƙofar hagu ta karkace, don na huda ramin ƙarfen da ke riƙe ta ba daidai ba, sai an ɗan ɗaga ta take rufuwa. Kuma ban sa ran zai kai shekarun gadon Inna ba, wanda har yau a kansa take kwana.

Ranar jere gabana na ta faɗuwa. Bayan la'asar sai ga ƙanwar uwar ango ta shigo da tawagarta, mace ce da ko a gidan suna sai ta ɗaga murfin tukunya. Ta tsaya a gaban sif ɗin ta daɗe, ta shafa atamfar, ta ja mariƙin, ta sunkuya ta leƙa ƙafafun. Sannan ta juyo ta ce, "Wannan kuma daga ina? Ban taɓa ganin irinsa ba ko a Kaduna."

Kafin in buɗe baki Goggo ta riga ni. Ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce, "Ai ba za ki gani ba, Hajiya. Guda ɗaya aka yi."

Hajiya ta kai hannu za ta buɗe ƙofar hagu, sai na ga Auta daga cikin lulluɓi ta miƙo ƙafa a hankali ta tokare ta.